Ba Shekaru Ne Ke Kashe Ɗan Ƙwallo Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka yanke hukuncin cewa ɗan ƙwallon da ya haura talatin, in ya ji rauni, sai ya rataye takalmi kawai. Ban yarda ba, ko kusa.

Ina ka baro Santi Cazorla? A 2016 ciwon idon sawu ya kwantar da shi a Arsenal yana da shekara 31. Aka yi ta yi masa tiyata, ƙwayar cuta ta cinye santimita 8 na jijiyar agararsa, har fatar hannunsa aka yanko aka lulluɓe wurin. A 2018 ya koma fili da Villarreal, a 2019 Sifaniya ta sake kiransa. Tsufa kuwa, je Kano ka tambayi wanda ya ga Rabi'u Ali yana ci wa Pillars ƙwallo bayan ya wuce arba'in.

Abin da ka kauce wa shi ne jinya. Yaro ya tsinke jijiyar gwiwa a filin Tsafe ko Bunguɗu, sai a kai shi wurin mai ɗori, a shafa man zafi, a naɗe da tsumma. Mai ɗori gwani ne a ƙashi, amma tsinkakkiyar jijiya tana son hoto, sau da yawa tiyata, da watanni na gashi da atisaye. Sati uku sai ka gan shi yana ɗingishi a fili, don babu mai ciyar da gidansa. Ɗan shekara ashirin ma haka zai ƙare.

Masu ƙungiyoyi a Gusau, ku ɗauki nauyin jinyar 'yan wasanku tukuna, kafin a ɗora wa shekaru laifi.