Kafin A Yi Odar Injin Maining: Wa Zai Biya Wuta, Wa Zai Gyara?

Tun da Hamster Kombat ya yi rabonsa a watan Satumban 2024, matasa da yawa suka ga ladan wata da watanni na dannar waya bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, sai wata sabuwar magana ta shigo majalisu. Wai waya wasan yara ce, maining na gaske sai da inji. Yanzu ka ga ana yawo da hoton Antminer, ana cewa a haɗa kuɗi a yi oda daga Sin. To jama'a, kafin wani ya ɗaga filin gado ya sayar, a tsaya a san mene ne injin nan, me yake ci, kuma wa zai taɓa shi ranar da ya tsaya. Domin fa zai tsaya.

Mu ɗauki Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain, wanda ya fito a 2020 kuma ya cika kasuwar kwance. A cikinsa akwai fanel uku masu yin lissafin haƙar Bitcoin, kowanne ɗauke da ƙananan aisi 114, sai ƙaramin fanel mai ba su umarni, da akwatin wuta, da fanka huɗu. Yana jan wat 3,250 ba dare ba rana. A lissafa: yunit 78 ke nan a kwana ɗaya. Tun Afrilun 2024 kuɗin yunit a Band A ya haura naira 200, wato sama da naira 15,000 kullum a kan inji ɗaya. A cikin wannan watan dai aka raba ladan haƙar Bitcoin biyu, daga 6.25 ya koma 3.125. Tun daga nan, abin da wannan injin ke samowa a yini a mafi yawan lokaci ba ya biyan wannan kuɗin wutar. Janareta kuwa kar ma a fara.

Sannan ga yanayinmu. An ƙera injin ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba ko kusa da haka, mu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu sun san inda ma'auni ke kaiwa. Hunturu ya zo, fankokin su zuƙi ƙura su cusa ta tsakanin ƙarafan da ke shanye zafi, iska ta daina ratsawa. Akwatin wutarsa yana son bolt 200 zuwa 240, namu layin kuwa da magariba kowa ya san yadda ƙwan fitila ke komawa ja. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu.

Idan ya tsaya, gyaransa yana da tsari, ba a buɗe shi da ka. Mai gyara na kirki yakan fara da karanta rahoton da injin yake rubutawa game da kansa, wanda ake gani a kwamfuta ta layin intanet ɗinsa. In fanka ɗaya ta mutu, injin kan ƙi aiki don kare kansa, kuma rahoton zai faɗa. In zafi ne, zai faɗa. Sai a auna wutar da ke shigowa da mita. In fanel ɗaya ne ya ɓace, a sauya masa waya da ta maƙwabcinsa: in matsalar ta bi wayar, an huta da kuɗi kaɗan, in ta tsaya a fanel ɗin, aiki ya samu. Aisin nan a jere suke kamar sahu, kowanne yana miƙa wa na gabansa saƙo. Ɗaya ya mutu ko dalmarsa ta saki saboda zafi, sai sahu ya yanke, injin ya ce ya ga ƙasa da 114, ko ma bai ga ko ɗaya ba. Mai gyara zai bi su da mita har ya kai inda saƙon ya tsaya, ya hura wa wurin iska mai zafi ya ɗaga aisin, ya dasa wani, ya shafa sabon man kwashe zafi, ya gwada kafin ya rufe.

Wanda ya taɓa zama a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road a Kano zai ce ai wannan aikin yaranmu ne. Gaskiya ne, kuma nan maganarmu ta dosa. Hannun da ke ɗaga aisin caji a fanel ɗin waya shi ne zai iya wannan, in an ƙara masa ilimin karanta zanen da'ira da kayan gwaji. Ku duba inda harkar take. Da Sin ta haramta maining a 2021, injina suka yi ƙaura zuwa Texas ta Amurka da Kazakistan, daga baya wasu suka sauka Habasha saboda wutar madatsun ruwanta mai araha. Injin yana bin wuta mai sauƙi ne duk inda take, kuma duk inda aka tara dubbansa sai an nemi masu gyara. Mai inji yana kwana da fargabar farashi. Waɗanda suka tara katunan kwamfuta don haƙar Ethereum sun wayi gari a Satumban 2022 an canja tsarin, kayansu suka zama na sayarwa a kwance. Mai gyara kuwa ko maining ya mutu gobe, ga inbata, ga kayan sola, ga kwamfutoci, ga na'urorin asibiti suna jiransa.

Don haka matsayinmu a fili yake. Matashin da ke da kuɗi a hannu, kar ya binne su a tsohon injin da wasu suka gama tatsa a wata ƙasa suka turo mana. Ya sayi mita mai kyau da injin hura iska da madubin ƙara girma, ya durƙusa gaban ƙwararre ya koya. Masu riƙe da madafun iko kuma, na kowace jam'iyya, a rage taron rabon tallafi na hoto. A zuba kayan aiki a kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a, a ɗauko ogannin kasuwar waya su koyar, a ba yara shaidar ƙwarewa da za su nuna a ko'ina. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Gwamnan da ke son a yi maganar tattalin arzikin zamani a jiharsa, daga nan zai fara. Mu kuma masu zaɓe mu riƙa tambaya: wuta awa nawa, kuma yara nawa aka yaye?

Allah Ya ba matasanmu sana'ar da za ta riƙe su, Ya tsare mana dukiyarmu daga asara.