Tsadar fetur: Yadda masu manyan motoci za su rage shan mai

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin man fetur, lissafin masu manyan motoci ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haye Naira 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce Naira 1,000 a Abuja. Fara sayar da fetur daga matatar Dangote ya sa farashin na hawa da sauka, amma bai koma kusa da inda yake a da ba.

Masu Land Cruiser da Prado da Highlander da Sienna, motocin da da yawansu injinsu ke da silinda shida ko takwas, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wasu sun jingine su a gida. Wasu sun sa su a kasuwa, sai suka tarar kowa ƙaramar mota yake nema. Ragowar kuwa ba su da zaɓi, domin motar ce ke kai yara makaranta, ita ce kuma ke ɗauko kaya zuwa shago.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke yin kilomita 40 zuwa ofis da dawowa, a motar da ke shan lita 15 a kowace kilomita 100. Lita 6 ke nan a rana, lita 132 a ranakun aiki 22. Idan lita tana kan Naira 900, zai kashe Naira 118,800 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Rage kashi 20 cikin 100 kawai zai bar masa sama da Naira 23,000 a aljihu.

Mafi yawan wannan ragin yana ƙafar direba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa fizgar mota da taka birki da ƙarfi suna cinye kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na tafiyar da lita ke yi a cikin cunkoso. Mota mai nauyin tan biyu da rabi tana zuƙar mai sosai duk lokacin da aka tashe ta daga tsaye, sannan birki ya ɓarar da shi. A kan babbar hanya kuma, shan mai na ƙaruwa da sauri da zarar an wuce kilomita 80 a awa. Barin inji a kunne ana jiran wani yana ƙona lita ɗaya zuwa biyu a awa, ba tare da an motsa ba.

Sai lafiyar motar. Tayar da iskarta ta gaza na iya ƙara kusan kashi 3 cikin 100, don haka ya kamata mai faci ya bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba kintace ba. Tsofaffin fulogogi da baƙin man da ya fi kaurin da kamfani ya tsara su ma suna da nasu kason. Babbar ɓarna kuwa ita ce al'adar wasu makanikai ta cire abin da ke daidaita zafin inji, wato tamostat, tare da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu na da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar tana ci gaba da ba shi mai fiye da kima. Haka nan ƙwayoyi da na'urorin da ake tallatawa a matsayin maganin shan mai, yawanci asarar kuɗi ce.

Mafita mafi girma ita ce iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa mata shiri na musamman a 2023. Ta fi fetur araha nesa ba kusa ba, kuma babbar mota na da wurin ajiye tukunyar. Sai dai kuɗin sauyawa na da yawa, gidajen sayar da ita kuma ba su wadata a Arewa ba, inda fata ya rataya a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024, wadda hukumomi suka danganta da tukunya marar inganci, gargaɗi ce ga masu neman araha wajen haɗi.

Kafin gas ɗin ya wadata, abin da ke hannun mai mota shi ne ya san ainihin abin da take sha: ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya sake cikawa, ya raba. Daga nan zai gane ko gyaran tuƙi da haɗa hidimomi a fita ɗaya za su wadatar, ko kuwa lokaci ya yi da zai nemi daidai ruwa daidai tsaki.