Sunan Gari Bai Isa Ba

Idan aka raba fom ɗin jarrabawa, a gurbin sunan dangi da yawanmu "Miga" muke rubutawa, wasu "Jahun" ko "Haɗeja". A ganina wannan bai isa ba.

Ba mu muka fara ba. Malam Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sunan garinsu suka ɗauka. Amma su an rubuta tarihinsu a littattafai. Kai fa? In Musa Miga uku suka haɗu a aji ɗaya, wa zai gane ɗan gidan wa?

Turawan Ingila ma daga sana'a suka samo wasu sunayensu: Smith maƙeri, Taylor tela, Fisher masunci. Sai dai tun 1538 coci-cocinsu ke rubuta jarirai, aure da mamata, shi ya sa Bature ke iya bin kakanninsa ɗaruruwan shekaru. Mu kuwa rajistarmu tana cikin kan tsofaffi. Kaka ce ta san dalilin da ake ce wa gidanku Gidan Sarkin Ruwa, da inda kakanku ya taso da komarsa ko shanunsa har ya zauna bakin kogi. Ranar da ta rasu, labarin ya bi ta. 'Yan takardun da ke akwati kuwa, ambaliya irin ta 2022 ba ta barin su.

Shawarata, hutun nan kowa ya rubuto kakanninsa huɗu, da sana'arsu, da garin da suka fito, mu liƙa a allon nan. Kaka ba za ta faɗi sunan mijinta ba saboda kunya, wannan sai ka tambayi Baffa.