Kwikwiyo Ba Ragon Layya Ba Ne

Kiwon karnukan Turawa ya shigo cikin samari, har a nan makarantarmu. Ka duba waya za ka ga wani ya ɗora hoton ɗan kwikwiyon German Shepherd ko Boerboel, ya rubuta farashi a ƙasa. Wasu don gadin gida suke ajiyewa, wasu kuma sana'a suka mai da shi don haɗa kuɗin makaranta. Ba zan shiga batun hukuncin ajiye kare ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya ɗaure dabba a gidansa, haƙƙinta yana wuyansa. Kuma a ganina yawancinmu muna tauye wannan haƙƙi ne ta hanyar da muke zaton gata ce.

Wani ɗan unguwarmu ya sayi kwikwiyon Boerboel bara, kuɗi masu kauri. Burinsa ɗaya ne: kare ya yi kai, ya yi ƙirji, kowa ya gani ya ja da baya. Sai ya kama shi da turka kamar ragon layya. Kwano ba ya rabuwa da abinci, safe da rana da dare: ragowar tuwo, kan kaza, madara, sannan ga ƙwayar kalsiyam da mai shago ya ce masa tana "ƙara ƙashi". Wata biyar kare ya yi ɓul-ɓul, ana ta zuwa kallo. Kafin wata takwas ƙafafun gaba sun fara gwamewa, in ya kwanta da ƙyar yake tashi. Mai shi ya ce sammu ne, wai masu baƙin ciki ne suka sa wa karen ido. Ni kuwa na ce masa mai sammun yana cikin gida, shi ne ke riƙe da kwanon.

Ga abin da ke faruwa. Boerboel ana haihuwarsa bai kai kilo 1 ba, amma yana iya wuce kilo 60 in ya girma. German Shepherd namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Irin waɗannan ba sa gama girma sai sun yi wata 12 zuwa 18, manya-manyan cikinsu har shekara 2. Duk tsawon wannan lokaci, bakin ƙasusuwansu guringuntsi ne mai taushi wanda yake rikiɗa ya zama ƙashi a hankali. Idan ka cika masa abinci, nauyi yana riga ƙashi zuwa. Kamar ka ɗora rufin kankare ne a kan ginin da bai bushe ba. Girman da kare zai kai a ƙarshe yana cikin jininsa tun daga iyaye. Yawan abinci ba ya ƙara masa tsawo ko taku ɗaya, sai dai ya sa ya isa can da wuri kuma da nakasa.

An ma gwada wannan. A Amurka an bi karnuka 48 'yan asalin Labrador tun suna ƙanana har ƙarshen rayuwarsu, aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan uwansu ke ci. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara 2, kuma ciwon gaɓoɓi bai kama su da wuri ba.

Batun kalsiyam ne ya fi ba ni haushi, domin nan ne ake cin kuɗin mutane. Babban kare in ya ci kalsiyam fiye da kima, hanjinsa yana iya rage abin da yake tsotsa. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba bai iya wannan ba tukuna, kusan duk yadda ka ƙara masa haka jikinsa zai ƙara ɗauka. Yawan kuwa yana dagula yadda guringuntsi ke zama ƙashi, daga nan sai gwame da ɗingishi. Saboda haka ne ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ta sa iyaka: abincin kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, kalsiyam ɗinsa kada ya gaza kashi 1.2, kada kuma ya wuce kashi 1.8 cikin 100, in an cire ruwan da ke cikin abincin. Tazarar ƙarama ce. To ka sayi buhun da aka auna daidai, sannan ka barbaɗa garin ƙashi ko ƙwaya a kai, me ka yi ke nan?

Masu ba da nama zalla su ma ba su tsira ba, sai dai su ta ɗaya gefen suka faɗa. Tsoka da hanta cike suke da fosfaras, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan ne. Jiki sai ya riƙa zare kalsiyam daga ƙashi don ya cike giɓi, ƙashin ya yi laushi har ya iya karyewa a wajen wasa.

Na san abin da za a ce: "Kai malam, karnukan unguwa da na mafarauta ƙanzo suke ci, ga su nan garau." Gaskiya ne. Amma karen gida bai kai rabin Boerboel ba, ba ya girma da irin wannan gudu, kuma babu mai tsare shi a keji yana ɗura masa. Za a kuma ce buhun abincin kare ya yi tsada, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ina shi ina abincin kwikwiyo? Wannan ma gaskiya ne, kuma amsata ba mai daɗi ba ce: a yi lissafin abincin shekara ɗaya da rabi kafin a biya kuɗin kwikwiyo. In lissafi bai fita ba, a haƙura, ko a nemi ƙaramin kare. Wanda kuma ya ce shi zai haɗa nasa a gida da masara da kifi da waken suya, yana yiwuwa, amma ya je wurin likitan dabbobi ya auna masa. Kada ya ɗauko daga bidiyon TikTok.

In za ka sayi buhu, ka manta da hoton karen da ke gaba, ka juya baya. Nemi inda aka rubuta cewa cikakken abinci ne na kwikwiyo mai tasowa, kuma an ambaci manyan karnuka ƙarara. Duba adadin kalsiyam, duba ranar lalacewa. Furotin kada ya gaza kashi 22.5, kuma ka daina jin tsoronsa, ba shi ke lanƙwasa ƙafa ba kamar yadda ake yaɗawa. Ni dai ba na son wanda ake aunawa da mudu daga buɗaɗɗen buhu, domin ba ka san me ke ciki ba, kuma hatsin da ya sha danshi yana yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta. Miyar gida ma a yi hattara, albasa da tafarnuwa suna ɓata wa kare jini.

Sauran aikin na hannu ne. A auna abinci, a raba sau 3 a rana har wata 6, daga nan sau 2. In za a canza iri, a riƙa gauraya sabon da tsohon har mako guda. Kowane mako ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, in ka duba shi daga sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga. In ba ka ji ba, rage kwano, ko da ya yi maka kallon maraya.

Karen ɗan unguwarmu yana nan. Likita ya tsayar da ƙwayar, ya rage abincin, ƙafafun sun ɗan miƙe amma ba duka ba. Haushinsa har bakin titi ake ji, sai dai in baƙo ya shigo, a kwance yake yi.