Sharhi: Yadda dokokin makamai a Amurka suka farfaɗo da bindigar kaboyi

Bindigar da aka saba gani a finafinan kaboyi, wadda ake ɗanawa ta hanyar jan wani mariƙi da ke ƙarƙashin kunamarta, ta sake samun kasuwa a Amurka. Tun daga samfurin Henry na 1860 da Winchester na 1873 ake amfani da ita, amma maharba sun daɗe suna yi mata kallon tsohon yayi saboda raunin saitinta. A yau kuwa, kamfanoni na rige-rigen magance wannan rauni, kuma siyasa na daga cikin abubuwan da suka zaburar da su.

A watan Janairun 2023, bayan harin Highland Park da ya hallaka mutum 7, jihar Illinois ta haramta sayar da bindigogi irin su AR-15, masu ɗana kansu bayan kowane harbi. Jihar Washington ta bi sahu a watan Afrilun shekarar. Sai dai dokokin sun tsame bindigogin da ake ɗanawa da hannu. Ta wannan ƙofa ce bindiga mai mariƙi ta shigo.

Raunin saitinta daga ƙirarta yake. Harsasanta na jere ne a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakin bindigar, kan kowane ɗaya yana dogare da gindin na gabansa, daidai wurin da ke tayar da albarushi. Harsashi mai tsini zai iya fasa na gabansa, shi ya sa aka riƙa amfani da mai dakusasshen kai, wanda iska ke saurin rage wa gudu. Haka kuma, ɗaure bututun da bakin bindigar yana sauya yadda bakin ke girgiza yayin harbi, musamman idan ya yi zafi. Tsofaffin Winchester kuwa ta sama suke tofar da kwanson harsashi, abin da ya sa ɗora musu madubin hangen nesa ya yi wuya.

An shawo kan akasarin waɗannan matsaloli. Kamfanin Hornady ya fito da harsashi mai tsinin roba mai laushi, wanda ba ya fasa na gabansa. Marlin na fitar da kwanso ta gefe. A 2020 kamfanin Ruger ya sayi Marlin kan kimanin dala miliyan 30 bayan durƙushewar Remington, a 2024 kuma Smith & Wesson ya fito da samfurin 1854, mai gurbin ɗora madubi da fitila. Ba dokokin haramci kaɗai suka jawo haka ba: jihohi kamar Ohio sun buɗe farautar barewa da irin harsasan da wannan bindiga ke ɗauka.

Ostareliya ta riga ta ɗanɗana wannan muhawara. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ƙasar ta tsaurara dokokinta, amma a 2015 bindigar Adler mai mariƙi, ƙirar Turkiyya, ta tayar da ƙura saboda saurin harbinta. Gwamnati ta dakatar da shigo da samfurin mai cin harsashi 7, sannan a ƙarshen 2016 aka tsananta sharuɗɗan mallakarta.

Masu adawa da dokokin Amurka na cewa wannan ya nuna siffar bindiga ake yaƙa, ba haɗarinta ba. Magoya baya kuwa na cewa ba saiti ne ya dame su ba, yawan harsasan da za a iya zubarwa cikin daƙiƙoƙi ne. Hujjarsu na da nauyi, domin bindiga mai mariƙi ba kasafai take cin fiye da harsashi 10 ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗura mata, yayin da AR-15 ke ɗaukar 30 a lokaci guda.

To amma tazarar tana raguwa, domin tuni Henry ya fara ƙera masu mariƙi da ke amfani da gidan harsashi irin na AR-15. Muddin dokoki suka ci gaba da rarrabe bindigogi ta yadda ake ɗana su, maƙera za su ci gaba da inganta wadda aka bari, kuma 'yan majalisa za su sake komawa kan teburi.