Hotunan Daura na cikin akwati, gara na ci

Bara, gab da Sallar Gani, na zauna zan shirya wa ɗalibaina ɗan littafin tarihin garinmu. Hoto uku kacal nake so: rijiyar Kusugu, ƙofar fada, da hawan Sarki. Yaron da ke yi mini aikin kwamfuta ya shiga Google ya kwafo wani kyakkyawan hoton Kusugu, har ya fara goge sunan mai shi da ke rubuce a gindi. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Malam, ai abin da ke intanet na kowa ne."

Ba na kowa ba ne. Wani bawan Allah ne ya tsaya cikin rana ya ɗauka, guminsa ne. Dokar haƙƙin mallaka da marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa wa hannu a 2023 ta ba hoto kariyar shekara 50 daga fitowarsa bainar jama'a. Kafin cikar wa'adin, ɗauka ba izini cin haƙƙi ne, goge suna kuwa ya fi muni.

Alhali halal ɗin na nan a buɗe. A rumbun Wikimedia Commons, kowane hoto da sharaɗinsa a ƙarƙashinsa. In ka ga CC0, mai shi ya sadaukar, ɗauki ka yi kalanda ko bangon littafi. In CC BY ne, sai ka ambaci sunansa, wanda layi ɗaya ne kawai. Akwai kuma tsofaffin da wa'adinsu ya ƙare tuntuni, irin zanen birnin Kano da ke cikin littafin Heinrich Barth na 1857.

A can na samo Kusugu ta yau, na sa sunan mai hoton. Amma da na nemi Daura ta jiya, raina ya ɓaci. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007. Kusan shekara ɗari ke nan na hawan Sallah, naɗin sarauta da cin kasuwa, amma abin da na iya samu na kyauta ɗan kaɗan ne ƙwarai. Masarautar da ake kira tushen Hausa Bakwai!

Hotunan kuwa suna nan, a gidajenmu. Cikin akwatin ƙarfen mahaifiyata na tarar da wanda mahaifina ya ɗauka da kansa ranar hawan Magajiya: wani mahayi da rawani ya tsuke linzami, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, yara sun yi cirko-cirko a kan katanga. Gara ta riga ta cinye kusurwa ɗaya, ta tafi da fuskar yaro guda. Na tara 'yan'uwana, muka amince, na ɗora shi a Commons da sunan Baba da shekarar.

Wasu na cewa in ka saki hoto kyauta, wani zai ci riba da shi. Zai iya. Ni dai gara ɗalibi a Maraɗi ya same shi da a ce gara ta ƙarasa shi.

Ina roƙon majalisar Mai Martaba Sarki Umar Faruk Umar ta sa a tattara tsofaffin hotunan fada, a kwafe su, a saki waɗanda suka dace. Ku kuma samarin da ke cika wayoyinku da hotuna ranar Gani, kowa ya zaɓi biyar masu kyau ya ɗora a Commons da sunansa, ya rubuta bayaninsu da Hausa.