Lafiya Uwar Jiki: Sosej Da Burodin Agege

A Zangon Agege da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, ɗan dako ko direban da cunkoson motoci ya tsare yakan kashe yunwa da Gala, watau naɗin fulawa mai niƙaƙƙen nama, wanda kamfanin UAC ya fara sayarwa a 1962. Yanzu kuma ga sosej da ake cusawa cikin burodi irin na Amurkawa.

Shi dai sosej akan haɗa shi da gishiri mai yawa da magungunan hana ruɓewa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cin giram 50 na irin wannan nama kowace rana yana ƙara haɗarin ciwon daji na babban hanji da kashi 18 cikin 100.

Saboda haka, jama'a, kafin mutum ya miƙa kuɗinsa sai ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kayan, ya kuma karanta irin naman, domin wani sosej ɗin na alade ne. Wanda aka gasa, a ci shi da zafinsa. Sa'an nan kada ya zama abincin kullum, tun da ga ƙwai da wake, ga kuma mayankar Oko-Oba nan kusa. Rigakafi ya fi magani.